Labarin Kasuwa da Sana'a da Talla a Tambuwal da Kebbe, Zamanin Da

Tambuwal tana kudu maso yamma da birnin Sakkwato, tsakaninsu wajen mil 60. Gwandu na arewa da ita, kusa ƙwarai, har mai doki in ya yi asubanci ya kan isa kafin hantsi. Kebbe kuwa tana kudu, wajen Gulbin Zamfara, Gummi na gabas da ita, Jega na yamma. Wanda ya riƙe sunayen garuruwan nan shida, ya kuma san inda kowane ya faɗi, to, ya riga ya sami rabin labarin cinikin wannan ƙasa, gama kasuwa ba ta ci sai inda hanya ta bi, hanya kuwa ba ta bi sai inda ruwa da aminci suke.

Mun ga ya kamata a rubuta wannan labari domin hakimai, da dagatai, da magatakarda, da malaman kasuwa, da dattawan da suka yi aikin En'e kafin a rushe ta a sāke tsarin ƙananan hukumomi cikin 1976. Yawancin aikin da suka yi, na karɓar kuɗin rumfa, da duba mudu, da raba gardamar dillalai, ba Turawa suka zo da shi ba. Sun tarad da shi ne, suka sa masa rasiɗi.

Buhari biyu

Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansu, shi ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, inda a ke ajiye mayaƙa da malamai da iyalinsu. Malami ne, mawaƙi da Larabci, mayaƙi kuma. Ya rasu wajen 1840, sarautar garin ta zauna cikin zuriyarsa. Gidan nan nasa ne ya fid da Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, haifaffen Dogon Daji, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996.

Akwai wani Buhari kuma, kada a haɗa su, ko da ya ke mutane da yawa su kan haɗa. Shi ne Buhari ɗan Abdussalami, wanda ubansa ya yi zaman Gimbana, ya bi Shehu, daga baya ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello a Kware cikin 1817, ya rasa ransa farkon 1818. Ɗan nan nasa ya komo ya yi biyayya, aka yarda masa ya kafa Jega wajen 1820, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarnin nan ya ƙare Jega ta zama babbar kasuwar yammacin daula duka, har baƙi su kan ambace ta tare da Kano. Saboda haka Tambuwal da Kebbe suka tashi cikin inuwar Jega: abin da suka noma, da abin da suka saƙa, da abin da suka jeme, mafi yawansa can ya ke gangarawa, abin da suke bukata daga nesa kuwa daga can ya ke haurowa.

Mutanen da suka yi jihadi ba su ɗauki kasuwa ƙaramin abu ba. Cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafta al'adun sarakunan Haɓe da ya ƙi, a ciki har da naman da mai kula da kasuwa ke ɗiba wurin mahauta kowace ranar kasuwa, wanda a ke kira tawasa, da audugar da a ke ɗiba da sauran kaya, wanda a ke kira agama. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi bayanin aikin muhtasibi, mai duba awo da ma'auni da hana algus. Bello kuwa, cikin wasiƙar da ya yi wa Ummarun Dallaje Sarkin Katsina a kan asulan siyasa, ya hore shi da ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da sauransu, ya zaunar da su cikin kowane gari gwargwadon bukatarsa, ya gina kasuwanni, ya gyara hanyoyi. Ribaɗi irin Tambuwal ba ya zama da mashi kaɗai. Mai doki na son maƙeri domin linzami da likkafa, yana son baduku domin sirdi da kube, yana son masaƙi da maɗinki domin lifidi. Inda waɗannan suka taru kuwa, mahauci da mai fura ba su kan daɗe ba su zo ba.

Inda a ke ciniki

Wanda ya saba da kanti mai ƙofa da kwado da allo bisa kansa, sai ya kau da wannan daga ransa. Kalmar kanti ma baƙuwa ce, tare da kamfanonin Turawa ta shigo. A zamanin da muke magana wuraren ciniki uku ne. Akwai rumfar kasuwa, ta kara da zana, kowace sana'a da layinta: 'yan hatsi da ma'auna waje guda, mahauta waje guda, masu tufafi, 'yan koli, 'yan gishiri da kanwa, sa'an nan kara, inda a ke tsai da dabbobi, can gefe. Akwai shago da zaure, a ƙofar gidan mai sana'a, inda maɗinki ke zaune da almajiransa, baduku da wuƙarsa da basillarsa. Na uku shi ne cikin gida, wanda ido ba ya gani, kuma ba a cika lissafa shi ba, alhali kuwa dukiyar da ke juyawa a nan ba kaɗan ba ce. Matan aure su ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da abawa. In babu su babu masaƙi, babu marini, babu maɗinki, babu dillalin riguna. Su ke yin daddawa da fura da man gyaɗa da sabulu kuma.

Sana'o'in kansu kun san su, ba sai mun daɗe a kansu ba. Masaƙi na fid da sawu siriri, a haɗa sawaye su zama zane ko riga ko gwado. Marini na da karofinsa, da baba da toka. Majemi na jiƙa fata da bagaruwa, ya rina ta ja da karan dafi. Fatar jan akuyan Sakkwato ita ce a ke kai wa Kano, Larabawa su haye hamada da ita zuwa Tarabulus, har ta isa Turai, inda a ke kiranta fatar Maroko, masu ita ba su sani ba. Maƙeran baƙi na yin fartanya da galma da gatari da kibiya, maƙeran fari na yin mundaye da zobba. Bature Dakta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Gwandu cikin watan Mayu 1853. Ya yabi sawayen da a ke saƙawa a nan, ya ce masu kyau ne ƙwarai, amma rininsu bai kai na Kano da na Nufe ba. Ya yabi albasar wurin kuma. Wanda ya san fadamun ƙasar nan ba zai yi mamakin wannan ba.

Yadda a ke talla

To, ga inda maganar ta ke da daɗi. Mutumin da ba shi da allo bisa ƙofa, ba jarida, ba rediyo, mafi yawan masu sayen kayansa kuma ba su karanta kome sai Alƙur'ani, yaya ya ke sanad da jama'a abin da ya ke da shi?

Farko dai sana'a ita ke shelar kanta. Baƙo in ya shiga gari ba ya tambayar maƙera, kunnensa ke kai shi, don ƙarar masaba bisa uwar maƙera. Mabuga ma haka, tun daga nesa a ke jin dukan. Marina da majema hanci ke nuna su, shi ya sa a kan tura su bayan gari ko bakin ruwa. Marini ko ya yi wanka ya sa rigar salla, hannunsa ya faɗi sana'arsa. Wanzami kuwa zabirarsa ita ce allonsa, yana rataye da ita ko'ina ya nufa.

Sa'an nan akwai kiɗa. Mahauta su ke da kalangu, maƙera su ke da dundufa. In Sarkin Fawa zai kā da sa mai ƙiba, makaɗin kalangu ya kan zaga unguwa-unguwa, ya kuma tsaya bakin rumfa yana kiɗa taken mahauta ɗaya ɗaya, har matar da ke cikin kulle ta san yau akwai nama, ta san kuma na wane ne. Babu wata hanyar talla da ta fi wannan dacewa da kayan da ba ya kwana. Kyaftin Clapperton, wanda Hausawa suka sani da suna Abdullahi, ya ga kasuwar Kano cikin 1824 kafin ya wuce Sakkwato wurin Bello, ya kuma ba da labarin makaɗa suna kai da kawowa don su jawo masu saye zuwa wasu rumfuna. Ya tona asirin mahauta kuma: ya ce su kan tsattsaga nama don kitse ya bayyana, su kan hura masa iska ya kumbura, wani lokaci har su manna ɗan gashin tunkiya jikin cinyar akuya don wanda bai sani ba ya saya da sunan rago. Wannan ma talla ce, amma irin wadda a ke naɗa muhtasibi dominta.

Akwai talla ta baka, wadda ita ce ainihin abin da kalmar ke nufi. Yarinya ta ɗauki ƙwarya ko faifai ta bi lungu-lungu tana kiran sunan abin da ta ɗauko, da wata irin murya da kowane kaya ke da tasa, har mai saye ya kan gane tun bai ji kalmar ba. Ita ce ƙafar uwarta da bakinta. Furar gidan wane ta yi suna ne ta bakin 'yan matan nan, in kuwa ta yi tsami ko an rage curi, ta bakinsu labarin ke yaɗuwa kafin azahar. Ɗan koli shi da ido ya ke kamu. Ya shimfiɗa tabarma ya jera allura da madubi da tsakiya da tozali da kanumfari da turare da alharini, ya sa mai ƙyalli a gaba. Yau yana wannan kasuwa, gobe yana waccan, da jakinsa ko da kansa.

Amma babban ciniki, na riguna da dawaki da shanu, ba da kururuwa a ke yinsa ba. Dillali ke yi. Ya saɓa riga a kafaɗa, ya zaga kasuwa da ƙofofin manya, ya buɗe ta a ga aikin, ko aska biyu ce ko aska takwas, ya faɗi tayin da aka yi, ya nemi ƙari. Mai kaya in tayi bai yi masa ba sai ya ce albarka, in ya yi ya sallama, dillali ya ɗauki la'adarsa. Abin da ya sa a ke yarda da shi kuwa, shi ne ba ya iya gudu. Clapperton ya faɗi wata al'ada ta Kano wadda ta isa a tsaya a dube ta. Ya ce a kan rubuta sunan dillali a sa cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. In aka kai ƙunshin nan Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ba, can aka buɗe aka tarar da aibi, sai a komo da shi, a nemo dillalin, shi kuma ya nemo wanda ya sayar, a tilasta masa ya mai da kuɗi. Ya ce kuma mai sayarwa ya kan mayar wa mai saye biyu cikin ɗari na kuɗin, don neman albarka. Ku duba fa, 'yar takardar nan da ke cikin ƙunshi ta yi aikin da tambarin kamfani ke yi, har ta fi, gama sunan mutum ne wanda alƙali ya san gidansa. Turkuɗin da matan Kebbe suka ɗaura, da rawanin da manyan Tambuwal suka naɗa, in na Kano ne, da irin wannan lamuni ya iso.

Sunan gari ma tambari ne. In an ce ɗan Kura an gama magana a kan baƙin rawani mai sheƙi. In an ce rigar Nufe an san irin ɗinkin. Gishiri da sunan mahaƙarsa a ke sayensa: na Foga, da mangul na ƙasar Manga, da kantu na Bilma, kowane da kamarsa da amfaninsa, wani na miya, wani na dabba. Goro kuwa ya fi kome yawan suna. Akwai na Gwanja, akwai laɓuje na ƙasar Nufe wanda sarakuna ke so, akwai fari da ja, marsa manya, minu ƙanana, da daushe wanda ya shekara. Har kayan Turai da Larabawa ke kawowa ta hamada da alama a ke gane su. Malamai su kan ɗaga takarda ga rana su nemi hoton jinjirin wata uku a jikinta, wadda a ke yi a ƙasar Italiya, in sun gani hankalinsu ya kwanta. Riyalin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, wanda kullum shekarar 1780 ke rubuce a jikinsa ko yaushe aka buga shi, sai an dudduba hoton kafin a karɓa.

Saura maroƙa da sanƙira. Mutane su kan ɗauka attajirin da ke yi wa maroƙi kyautar riga a bainar jama'a wauta ce ko son a sani. A ganinmu ciniki ne. Fatauci da bashi a ke yinsa, bashi kuwa sai wanda aka ji sunansa a ke ba. Maroƙin da ya tsaya ranar suna ko ranar ɗaurin aure ya ambaci mutum da ubansa da kakansa, ya faɗi Gwanja nawa ya je, ya faɗi yawan jakunansa, ya sanar da duk wanda ke wurin cewa ga wanda za a iya ba amana. Kuɗin rigar nan ya kan komo ta wata ƙofa.

Fatake

Hanyar da ta fi kawo arziki ita ce ta Gwanja. Ayari ya kan taso daga Kano da tufafi da kanwa da fatu da busasshiyar albasa da kayan koli, ya bi kwarin Zamfara ta Gummi zuwa Jega, Kebbe kuwa tana tsakaninsu. Daga Jega a gangara a haye Kwara, a ratsa Bargu ko Gurma, a bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, inda mutanen Ashanti ke kawo goro. Zuwa da komowa ya kan ci wata shida, wani lokaci shekara. Gummi, maƙwabciyar Kebbe, ita ce mazaunin Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan jama'u uku da suka riƙe fataucin goro, sauran biyun su ne Agalawa da Tokarawa. Daga Gummi ne waɗansunsu suka koma Kano.

Girman ayarin nan ba abin wasa ba ne. Cikin 1826 Clapperton ya gamu da wani a Kayama ta ƙasar Bargu, yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun fi 1,000, maza da mata, dabbobin kaya ma kamar haka. Barth kuma ya ƙiyasta goron da ke shiga Kano kowace shekara ya kai kayan jaki 500, kowane kaya in ya iso lafiya ya kan yi wuri 200,000. Ku auna abin da taro irin wannan ke ci a dare guda. Garin da ayari ya yi zango a bayansa, ranar nan kowa ya sami ciniki: mai dawa, mai ciyawa, mai itace, mai fura, maƙerin da zai gyara abin da ya karye, baduku mai ɗinke mangala, har wanzami. Madugu ke shugabantar tafiya, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da sha'anin biyan kuɗin hanya. Shi madugu ke zuwa gaisuwa wurin sarkin gari, a daidaita abin da za a bayar na fito da na wucewa, kāna a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Sarkin da ya tsananta, baɗi sai ayari ya sāke hanya, talakawansa su yi hasara. Wannan shi ya kan tsare fatake fiye da takobi.

Baƙon da zai kwana biyu yana ciniki, fatoma ke saukar da shi. Ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Fatoma nagari ba ya bukatar kowa ya yi masa shela, fatake su ke kai sunansa zango-zango. Wasiƙa ma tana aiki a tsakaninsu. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano cikin 1858, asalin gidansu Kabi, ubansa mafataucin goro, ya tsara littafin koyar da rubutun wasiƙa tun yana saurayi. Ya isa Salaga cikin 1892, ya rasu a Karachi ta ƙasar Gwalkwas cikin 1934, ya kuwa bar bayani mai yawa da Hausa a kan sana'o'i da cinikin ƙasar nan.

Hanya ta biyu gajeriya ce, ta gishirin Foga, yamma da Kabi. Barth ya ratsa kwarin cikin Yuni 1853, ya ga yadda a ke tara ƙasa mai gishiri cikin mazurarai na ciyawa, a zuba ruwa ya tsiyaye, a dafa shi, a curo gishirin ƙanana ƙanana.

Kuɗin da a ke ciniki da shi wuri ne. Ɗari shi ne zangu, dubu a ce zambar, 20,000 a ɗinke cikin keso, kayan mutum guda ke nan. A zamanin Barth riyali ɗaya ya kan yi wuri 2,500 a Kano, kafin ƙarshen ƙarni kuwa darajar wuri ta faɗi ƙwarai, don yawan wanda jiragen Turawa ke zubowa a bakin teku. Sai ya zamana in tafiya ta yi nisa, abin da jaki zai ci ya kusa cinye kuɗin da ya ɗauko. Don haka manyan fatake suka fi son riƙe dukiyarsu cikin riguna da sawaye da dawaki. Da bayi kuma, ba za mu ɓoye ba. Cikin kayan da a ke tsayarwa a manyan kasuwannin daula, har Jega, akwai 'yan Adam, da dillalansu da rumfarsu, a kan biya bashi da su, a kan sayi doki da su. Gonakin manya da yawa su suka nome su. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba a kashe bautar ɗungum bisa doka ba sai 1936.

Yaƙi da kasuwa

Ƙasar nan bakin iyaka ce, ciniki kuwa ya ɗanɗana. Cikin 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa, Argungu ta tsaya da ƙafarta, Zabarma da Dandi da Arewa suka bi ta. Barth ya tarad da Gwandu a takure, kasuwarta ba ta da armashi, mutane na tsoron fita nesa da ganuwa, hanyar Foga kuma sai da rakiya. An sami sauƙi zamanin Lafiyar Toga, amanar da aka ƙulla da Sarkin Kabi Abdullahi Toga wajen 1867, ta yi shekara kamar takwas. Bayanta wuta ta sāke tashi, ta kuma yi tsanani zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau cikin 1883. Garuruwan yamma irin su Sanyinna su suka tare gaba. Duk wanda ke mamakin yadda tsofaffin garuruwan nan suke a cushe, da marina da maƙera da turaku duk a matse kusa da ganuwa, ga dalili.

Zuwan kanti

Turawan ciniki sun riga na yaƙi isowa. Cikin 1885 Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu da sunan kamfanin da ya zama Royal Niger Company a 1886. Amma abin da ya fara girgiza hanyar Gwanja daga can kudu ya faru. Ingilishi suka ci Kumasi cikin 1874, ikon Ashanti bisa Salaga ya warware, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga cikin 1892, fatake suka bazu zuwa Karachi da Kintampo da wasu wurare.

Sakkwato ta faɗa hannun Turawa ran 15 ga Maris 1903. Gwamna Lugga ya sa wa ayari kuɗin hanya, biyar cikin ɗari a kowane lardi har iyakar 15, fatake suka yi kuka, aka soke shi cikin 1907. An hana shigo da wuri cikin 1904, sule da kwabo da anini suka maye gurbinsa sannu a hankali, ko da ya ke tsofaffin mata a ƙauye sun daɗe ba su saki wuri ba. Abin da sarkin kasuwa ke karɓa da hannunsa ya koma Baitulmali, aka sa malami da littafi.

Jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan ya hau jirgin ƙasa, abin da jaki ke yi a wata uku ya zama na 'yan kwanaki. Alhasan Ɗantata, Ba'agale, wanda ya san hanyar ƙasa tun yana yaro, yana cikin na farkon da suka juya zuwa ta teku. Akoko da atamfa na Ingila suka cika rumfunan da sawaye ke ciki dā, gishirin buhu ya tauye na Foga, kamfanoni suka kakkafa kantuna suna sayen fata da kirgi da gyaɗa da auduga, waɗansunsu suka haɗu cikin 1929 suka zama U.A.C. Su suka kawo allo bisa ƙofa da hoto jikin ƙunshi. Mutane kuwa suka karɓi hoton yadda suka karɓi jinjirin wata uku, suna kiran kaya da sunan abin da aka zana a jikinsa, ba da sunan kamfanin ba. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito cikin Janairu 1939, sai ga talla a rubuce da Hausar boko, malamin En'e na karanta wa jama'a a ƙofar hakimi.

Da aka zo shimfiɗa hanyar mota daga Sakkwato zuwa Jega da Yawuri, sai aka bi da ita ta tudu, ta Shagari da Dogon Daji da Tambuwal. Tambuwal ta sami tasha da kantuna a bakin titi. Kebbe, wadda ke bisa tsohuwar hanyar gulbi, aka bar ta a gefe, mai zuwa can daga Sakkwato sai ya ratse daga babban titi. Ta zauna cikin ƙaramar hukumar Tambuwal har 1996, sa'ad da aka yanke ta aka ba ta tata.